Ragowar da Aka Fara Ɗiba

Wani abin kan wuce mutum ya manta da shi tun zufarsa ba ta bushe ba, wani kuwa sai dai a binne ka da shi. Nawa shi ne zuwan wani dattijo mai shirya finafinai daga Kerala ta ƙasar Indiya gidanmu da ke unguwar Sa'alaba a Jidda, da abin da ya yi da wani ɗan guntun hoto da ya ɗauka na mahaifiyata. Shekaru sun ja yanzu, amma ba na jin akwai ranar da zan manta, domin har gobe in na ga langa a rufe a kan benci sai na tsaya ina kallonta.

Ni haifaffen Jidda ne. Iyayena sun taso daga wani ƙauye na ƙasar Katsina suna sabon aure, suka biyo ta Sudan, jirgin ruwa ya sauke su a tashar Jidda da niyyar su sauke farali su koma. Farali ya sauku, komawa ce ta gagara. Mahaifina ya kama dako a tashar har Allah ya karɓi abinsa ina ƙarami, Inna kuma ta riƙe mu da sayar da abinci a ƙofar gida: shinkafa da wake, da wata miya mai yajin da ke sa ƙato ya yi hawaye yana neman ƙari. Masu cin abincinta leburorin tasha ne, Yamalawa da Sudanawa da 'yan Malbari, wato yadda muke kiran mutanen Kerala a nan.

Ni ne ɗan fari, kuma duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi a wurin uwa irin ta da. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yabona ko da na zo na ɗaya a aji. A can gida, na ji an ce kaka ko goggo ce ke ɗauke ɗan fari ta shagwaɓa shi, ta biya shi abin da kunya ta hana uwa. Mu a Jidda ba kaka ba goggo. An taho da kunyar, an baro maganinta a ƙauye. Ina gani a ƙofar makaranta matan Larabawa na rungume 'ya'yansu suna "ya habibi, ya galbi," ni kuwa in na dawo gida sai Inna ta dubi bango ta ce, "Ga ragowa can, in wani zai ci." Ƙanwata kuwa, autarmu, sunanta har waƙa ake yi da shi. Na san al'ada ce, an sha gaya mini, amma sanin sunan ciwo ba ya hana shi zafi. Na girma, na yi aure, na yi furfura, kullum da la'asar in na tashi daga aiki nakan biya in gaishe ta, kuma kullum maganar ita ce dai: ga ragowa can, in wani zai ci. Ni ne wanin.

Lokacin da abin ya faru ina aiki a wani ofishin fiton kaya a unguwar Bagdadiyya, rabin abokan aikina 'yan Malbari ne. Wata safiya ɗaya daga cikinsu ya shigo yana haki, ya ce wani babban mutum daga garinsu ya zo, yana neman wata baƙar mata da ta taɓa sayar da shinkafa a Sa'alaba shekaru masu yawa da suka wuce, mai yajin da ba a mantawa. Na ce ai in dai yaji ne an zo gida. Da ya ce mutumin mai shirya fim ne, sai na zaci zan ga wani mai baƙin gilashi da zugar 'yan rakiya. Wanda aka shigo da shi wani siririn tsoho ne mai farin gemu, ya ɗaura farin zane irin na mutanensu, da silifa a ƙafa, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Amma duk 'yan Malbarin ofishin suka miƙe tsaye, wani ma har da hawaye.

Su suka ba ni labarinsa, don shi ba mai yawan magana a kan kansa ba ne. Yana saurayi ya zo Jidda a hannun wani kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya yi ɗaukar buhu a rumbunan tasha, har iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta samu matsala aka mayar da shi gida ba tare da ya tara komai ba. A can ya liƙe wa masu shirya finafinai a harshensu na Malayalam, ya yi shekaru yana ɗaukar fitilu da jan wayoyi a bayan wasu, yana kallo yana shiru. Fim ɗinsa na farko ko mako bai yi a sinima ba aka sauke shi don ba mai kallo. Na biyu ya yi shi ne a kan matan masunta da ke jiran jirgin da bai dawo ba, kuma bai ɗauki 'yan wasa ba, matan masuntan ya sa da kansu. Wannan ya ɗaga sunansa, daga nan ya zama wanda in ya fitar da fim har malaman jami'a ke zama su yi muhawara a kansa. Ni da na san fim ɗin Indiya da rawa a kan dutse da sauya tufafi ana cikin waƙa, na tambaye shi, "To, ina rawar?" Ya yi dariya har tabaransa ya zame, ya ce da Larabcinsa na tasha, "Mu a wajenmu ruwan sama ne ke rawa, mutane aiki suke yi."

Abin da ya kawo shi kuwa, likita ne ya gaya masa ganinsa na tsukewa kuma ba zai dawo ba. Fim ɗaya ya rage masa, ya ce a kan ƙuruciyarsa a Jidda zai yi shi. Lokacin ba a daɗe da buɗe gidajen sinima a ƙasar ba, ana ba da izinin ɗaukar fim, amma izini ne mai wa'adi.

Na kai shi gida. Inna ta daɗe da barin sayar da abinci, ƙafa ta matsa mata, amma ƙwaƙwalwarta garau. Ta ƙare masa kallo daga gemu har silifa, ta ce, "Kai ne siririn nan mai cewa a ƙaro yaji? Ɗan Malbari, har yanzu ba ka yi ƙiba ba?" Ya durƙusa a gabanta, tsoho da shi, ya ce, "Umma, tun da na bar shinkafarki ban ƙara ƙoshi ba." Suka ɓarke da hira cikin wani Larabci da ba Balaraben da zai yarda nasa ne, ni ina gefe ina mamakin yadda Inna ke dariya har ana ganin wushiryarta.

Da ya ce yana so ta fito a fim ɗin a matsayin kanta, ta ce, "Ni? Da tsufana in zama 'yar fim? A'uzu billahi." Bai ja da ita ba. Ya ce, "Umma, ga alkawarina, kuma shi nake yi wa kowa tun matan masunta. Duk abin da na ɗauka, ke za ki fara gani. Abin da kika ce a'a, ba idon da zai gan shi." Ta ce za ta yi shawara, wanda a bakin Inna yana nufin a'a.

A nan na fara ganin irin aikinsa. Washegari ya dawo da hantsi, ba kyamara ba kowa, ya zauna a tabarma yana taya ta tsintar shinkafa. Jibi ma haka, gata ma haka. Ya yanka albasa, ya ɗebo ruwa, ya saurari labarin jirgin da ya kawo su har ya haddace shi. Mataimakinsa, wani matashi mai zafin nama wanda ke riƙe da takardun izini, ya rasa inda zai sa kansa. Yakan tare ni a lungu ya ce, "Kwanaki na tafiya, shi kuwa ya zama ɗan aikin kicin!" Na isar wa tsohon, sai ya ce, "Wanda ya ɗaga kyamara ranar da ya zo, fuskar da ake ba baƙo kawai zai ɗauka. Ni ta 'yan gida nake so." Ba a jima ba kuwa Inna da kanta ta ce, "To ina na'urar taku? Ko sai na mutu za ku kawo ta?"

Aka sake kafa mata wurin sayar da abincinta a ƙofar gida kamar da, da benci da manyan tukwane. Wani saurayi ɗan wasa ya fito a matsayin tsohon yana yaro, tsofaffin leburori na gaske suka zauna suna ci. Inna ta manta da akwai kyamara, tana yi musu faɗa kamar yadda ta saba. Komai ya tafi daidai sai ƙarshen fim ɗin, wanda tsohon ya ƙi gaya wa kowa.

Wata rana ina mayar da shi masauki a motata, muna tsaye a cunkoson hanyar tasha, ya ce zai gaya mini abin da ya dawo da shi Jidda. Ya ce a zamanin da yake cin abinci a wurin Inna, kullum da ta sauke tukunya, kafin ta sallami kowa, sai ta ɗauko wata shuɗiyar langa mai ɓantararren murfi, ta zuba ludayin farko, ta tsamo tsokar da ta fi kowace kyau ta ɗora, ta rufe, ta naɗe da tsumma ta tura ƙarƙashin benci. Wata rana ya zo a makare, abinci ya ƙare, yunwa na neman kayar da shi. Ya nuna langar ya roƙe ta. Ta shiga gida ta kawo masa nata rabon, amma langar ko taɓa ta ba ta yi ba. Ya tambaya ta wace ce, ta ce, "Ta wani ce." Ya ce mini, "Shekara da shekaru ina tunanin wane ne wannan wanin. Miji ne da ya ɓace a teku? Ɗan'uwa ne a kurkuku? Fim ɗin nan gaba ɗaya a kan langar nan na gina shi."

Na san langar. A cikinta na ci abinci tun ina ɗan firamare, kuma a cikinta na ci jiya. Na yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce, "Ya sheikh, ba miji ba kurkuku. Tawa ce. Ragowa ce ake zuba mini." Ya juyo da wannan tabarau nasa ya dube ni, ya ce, "Ragowa? Ita ake fara ɗiba." Na ce tsufa ne ya rikita masa tunani. Gaskiyar magana, tsoron yarda nake yi, don wanda ya saba da ƙishirwa ba ya son a nuna masa rijiyar da ba shi da tabbacin akwai ruwa a ciki.

Shi kuwa murna ta kama shi kamar yaro. Ya ce ya samu ƙarshen fim ɗinsa: bayan kowa ya watse, ɗan zai shigo, uwar za ta jawo langar ta buɗe, ta kira shi da sunansa. Na so in yi masa bayani, amma wani ɓangare na zuciyata ya ce in yi shiru, wataƙila abin da ban samu a gida ba in same shi a fim.

Washegari, a gaban ma'aikata da maƙwabta, ya durƙusa ya gaya wa Inna abin da yake so. Ya ma faɗi sunan nawa, ya ce haka za ta kira. Ban taɓa ganin fuska ta rufe da sauri haka ba. Inna ta ajiye ludayi, ta ja mayafinta, ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Ɗan farin nata? A bainar jama'a?" 

Na ja shi gefe na yi masa bayanin kunyar ɗan fari, kuma na san da ɗaci na yi bayanin. Ya saurara har na gama, bai ce al'adar banza ce ba, bai kuma yi dariya ba. Mataimakin ne ya ce, "Mafi mushkila, ba matsala. Ta motsa baki kawai, ko mu ɗauke ta ta baya, in mun koma gida mu sa wata ta faɗi sunan da muryarta. Wa zai sani? Gobe fa izininmu ke ƙarewa." Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Matar nan ta riƙe kalma ɗaya a bakinta fiye da shekarunka a duniya. Ni ne zan zo in cusa mata ita da na'ura?" Sannan ya tuɓe silifansa, ya je ƙofar ɗakin ya tsaya a rana, ya ce, "Umma, na yi kuskure. Rashin sani ne." Ya daɗe a tsaye kafin muryarta ta fito daga ciki: "Rashin sani ya fi dare duhu. Je ka, Ɗan Malbari, gobe ka zo ka ci abinci."

Da zai tafi ya ce mini, "Gobe ka tafi aikinka. Ka zo lokacin da ka saba zuwa, da kayan da ka saba sawa. Ka yi abin da ka saba yi." Na ce, "Shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan. Na gaya mata girki kawai zan ɗauka har ta tashi, ta kuma yarda."

Haka na yi. Na iso da la'asar, na hango kyamarar can nesa a bakin lungu, ba fitilu ba ihu. Na gaishe da Inna, ta amsa wa bango. Ta ce, "Ga ragowa can, in wani zai ci." Na zauna a kujerar tsugune, na buɗe langa, na sunkuyar da kai na ci abincina, don ni ma ban saba ɗaga ido a gabanta ba. Da na gama na ɗago, sai na ga tsohon ya cire tabarau yana share ido da gefen zanensa, mataimakin nan mai surutu kuwa ya saki baki. "Halas," in ji tsohon a hankali. "Mun gama." Na ce a raina, lallai ganin bawan Allahn nan ya tafi, ƙato na cin shinkafa shi ne abin kuka?

Washegari da safe ya zo cika alkawari. Ya shiga ɗakin Inna da 'yar na'urarsa, ƙanwata kaɗai aka bari a ciki, ni da mataimakin muna tsakar gida. Can sai muryar Inna ta fito sarai: "Ɗan Malbari, ka ci abincina, ka zo ka tona mini asiri?" Na ji ya ce, "Umma, tun da na fara aikin nan ban taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan ba." Ta ce, "To shi ne ba za a gani ba." Sai ta yi wata magana ƙasa-ƙasa da ban ji ba. Shi dai na ji ya ce, "Tayyib, na yarda, Umma."

Da ya fito, mataimakin ya tare shi a lungu, suka yi ta yi da yarensu, yaron har jijiyar wuyansa ta tashi. Da ya ga ba ci gaba ya juyo kaina: "Kai ɗanta ne, shiga ka lallashe ta! Wannan ne zai sa a tuna da shi har abada. Ba shi da wani fim bayan wannan, idonsa ya ƙare!" Na ce to a nuna mini mana in ga abin da ake rigima a kai. Tsohon ya ce a'a. Na ce, "Ya sheikh, ni ne fa a ciki!" Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kana ciki, amma ba naka ba ne. Kai ne ma na farkon wanda ta hana." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma kan ƙanwata, ita ma ta ce an sa ta rantse, tana faɗa idonta na kawo ruwa.

Fim ɗin ya fito bayan shekara guda, har an nuna shi a Jidda, na je tare da abokan aikina. Ya yi kyau matuƙa, na ga manyan mutane masu gashin baki suna jan majina a cikin duhu. Amma ya ƙare ne da langa a rufe a kan benci, rana na faɗuwa, ba wanda ya zo. A can ƙasarsu masu sharhi suka ce tsoho ya gaji, ya gina gida ya kasa yi masa rufi. Lambar yabon da kowa ya zaci tasa ce aka ba wani. Abokan aikina sun ce duk wanda ya tambaye shi dalilin wannan ƙarshe, amsarsa ɗaya ce, haka ya ga dama. Bai taɓa cewa wata tsohuwa ce a Jidda ta hana shi ba, bai taɓa cewa yana da abin da ya fi wannan a ajiye ba. Ya haɗiye zargin, ganinsa ya ƙarasa tafiya, kuma bai sake yin wani fim ba.

Bayan 'yan shekaru Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Na yi jinyarta, na ɗauke ta na kwantar, kuma har ta cika ba ta kira sunana ba. Ba zan ɓoye ba, na sa rai a kwanakin ƙarshen nan, kuma da aka rufe ta na dawo gida da wannan a zuciyata fiye da komai.

Ana gama zaman makoki sai ga waya daga Kerala. Jikarsa ce ta haɗa mu, don shi ba ya ganin lambobi. Ya yi mini ta'aziyya da muryar da ta tsufa, sannan ya ce, "Akwai amanarka a wurina. Ranar nan a ɗaki, Umma ta ce, ina raye kada kowa ya gani, in na kwanta dama ka ba mai shi, shi kaɗai. Yanzu za a turo maka, nawa kuma za a goge."

Na shiga ɗakinta da hantsi, na zauna a bakin gadonta na buɗe hoton da aka turo mini a waya. Ga Inna ta sauke tukunya. Ga shuɗiyar langa. Ludayin farko ta zuba, ta tona miya ta zaɓo tsoka, ta mayar, ta zaɓo wadda ta fi ta, ta rufe ta naɗe da tsumma. Can sai ta ɗaga kai kamar ta ji wani abu, ashe ƙarar motata ce daga bakin titi. Ta sa ƙafar nan tata mai ciwo ta tura kujerar tsugune daga rana zuwa inuwa, ta taɓa gefen langar da bayan hannu ta ji ko da ɗumi, sannan ta ɗaure fuska ta juya wa bango. Ga ni na shigo da tumbina da furfurata. Ga maganar ragowa. Na sunkuya.

Ina sunkuyawa ta juyo. Wallahi ban san Inna na da irin wannan fuskar ba. Duk ɗaurewar nan ta narke, tana kallona kamar yau aka miƙa mata ni a zanen goyo. Kowace loma na kai baki sai ta bi ta da ido, leɓɓanta na motsi da addu'a. Ta miƙo hannu a hankali wajen kaina, ya zo dab da hulata, sai ta tsaya, ta kori wani ƙuda da babu shi, ta janye hannun. Da na motsa zan ɗago, kafin ƙiftawar ido ta koma wa bangonta. Ashe haka ake yi kullum. Ashe duk tsawon rayuwata da ƙiftawar ido ɗaya nake makara.

Na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Da na samu kaina na kira shi, na ce, "Baba, ka san da ka sa wannan a fim ɗin, da ba wanda zai ce ka gaji." Ya ce, "Na sani." Na ce, "To me ya sa?" Ya yi 'yar dariya ya ce, "Na ci shinkafarta, kuma na yi mata alkawari. Kada ka ji tausayina. Yanzu ba na ganin ko tafin hannuna, amma wannan kullum ina kallonsa."

Abin da na koya a wurin wannan bawan Allah shi ne, gwani ba a abin da ya nuna wa duniya kaɗai ake gane shi ba, har da abin da ya iya dannewa saboda alkawarin da ya yi wa tsohuwar da ba ta da yadda za ta yi da shi in ya saɓa. A wurin Inna kuma na koyi cewa ba kowace ƙauna ce ke bi ta baki ba, wata a ludayin farko take, sai mai haƙurin kallo ke ganinta. Langar tana wurina yanzu. Ranar Juma'a in ɗana na fari ya zo da iyalinsa, ni da kaina nake zuba masa a ciki kafin a sallami kowa. Sai dai ni nakan kira sunansa da ƙarfi har maƙwabta su ji, kuma ba na jira sai ya sunkuya kafin in dube shi.